Injiniya da Kwamfutar da Ke Sandarewa

Mijin yayata bai taɓa leƙa makarantar injiniyoyi ba, ko ta taga. Ni na laƙaba masa Injiniya, tun yana zuwa neman yayata da sukudireba a aljihun gaban riga, kuma don tsokana na yi. Sunan ya kama shi, har 'ya'yansa suka tashi suna zaton shi aka raɗa masa. Mai gyaran rediyo ne. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a wani shago mai faɗin tabarma biyu, tsakanin mai gyaran takalmi da mai sayar da batura, a kan benci ɗaya, ƙarƙashin fitila mai lanƙwasasshen wuya, da gwangwanayen madara cike da ƙananan kusoshi jere a gabansa. Ni tela ne, shagona yana tsallaken titi, don haka rabin rayuwata na yi ta ina kallon ƙeyarsa.

Mutum ne mai ban haushi, ba zan ɓoye ba. Ka kai masa rediyo ka ce ta daina magana, maimakon ya buɗe ta sai ya buɗe littafi, ya shiga yi maka tambayoyi: yaushe ta fara, da safe ne ko da yamma, a ɗaki ko a tsakar gida, wa ya taɓa ta ƙarshe. Dokokinsa biyu ne. Ta farko, ba a canza abu biyu a lokaci guda. Ka canza ɗaya, ka gwada, ka rubuta, sannan ka wuce na gaba. Ta biyu, duk abin da wayarsa ke cikin bango ba a ɗaukarsa, ba a kai shi kusa da jikin mutum. Wannan ta biyun a jikinsa ya koye ta. Yana ɗan shekara ashirin wata tsohuwar talabijin ta yi jifa da shi bayan benci, ta bar masa tabo fari fat a babban yatsan hagu. Tun daga ranar, ko dutsen guga ba a matsar da shi a gidansa sai an zare.

Sana'ar a hannunsa ta mutu, a hankali. Mutane suka koma sauraron komai a waya, rediyon da ta lalace kuma sai a jefar a sayi wata. Ya jure shekaru yana buɗe shago don ya share shi kawai, daga baya ya kwashe bencin da fitilar da gwangwanayen ya kai su barandar gidansa, ya ce ya huta. Bai huta ba. Cikin shekarar ne Yaya ta fara zuba gishiri a shayi.

Da farko dariya muka yi. Ni har na ce mata ai tun muna yara haka girkinta yake, yanzu ne dai asiri ya tonu, ta ɗaga ludayi za ta kwaɗa min. Bayan wata shida ba wanda ke dariya. Ta bar tukunya a wuta ta fita neman mahaifiyarmu da ta rasu shekara talatin. Likita ya ce ciwon mantuwa ne, tafiya yake mataki-mataki, kuma abin da ya ɗauka ba ya mayarwa. 'Ya'yanta maza biyu, da suke nan cikin gari suna zuwa kullum, su ta fara mantawa. Takan gaishe su da ladabi kamar baƙi, ta tambaye su gidan wa suke nema. Ni kuwa ta mai da ni mahaifinmu, tana rufe kai in na shigo. Wannan ya yi min ciwo fiye da yadda na nuna. Mutum biyu suka rage mata a duniya: mijinta, da autarsu.

Auta ma'aikaciyar jinya ce a wata ƙasa mai nisa. Takardunta na zama suna wani ofishi a can fiye da shekara, an ce mata in ta fita kafin su fito ba za ta iya komawa ba, ga yaranta biyu suna makaranta. Kowa Auta yake ce mata, ban da uwarta da ke kiranta Gajeriya, saboda an haife ta 'yar mitsitsiya, ko da yake ta girma ta fi kowa tsawo a gidan. Abin da yarinyar nan take so ɗaya ne, kuma ta faɗa wa ubanta ƙarara: ta yi hira da uwarta tun tana gane ta. Kiran waya ba ya yi. In Yaya ta ji murya ba fuska sai ta ce a kashe rediyon nan, allon waya kuma ya yi wa idonta ƙanƙanta. Shi ne Auta ta aiko da tsohuwar laftof ɗinta, yayyenta suka sa rauta a falo, wannan ɗan akwatin mai ƙyafta ido da ke watsa waifai, aka tsai da Talata, Alhamis da Lahadi bayan la'asar, lokacin da take samun hutun rabin awa a wurin aiki.

Injiniya ya ba kwamfutar wuri a kan bencinsa, ya ɗinka mata mayafi a wurina don ƙura. Kullum tana jone da caja a baranda. In lokaci ya yi, sai ya kunna, ya zare cajar, ya naɗe ta tsaf, ya ɗauki kwamfutar da hannu biyu zuwa gadon Yaya. Fuskar Auta ta bayyana, ta gaida uwarta. Minti uku, wata rana biyar, sai komai ya tsaya cak. Fuska ta ƙame yadda take, murya ta yanke. 'Yar kibiyar nan ta kan allo ba ta motsi ko ka goga yatsa har ya yi zafi, madannai ba sa amsawa, agogon da ke kusurwar allo shi ma ya tsaya. Ba abin yi sai a danne makunni a kashe ta da ƙarfi. Kwamfutar ta tsufa, kafin ta farfaɗo ta sake kama waifai minti goma sun tafi, a sake gaisawa, ta sake sandarewa. A rabin awar nan da ƙyar ake tsira da minti shida.

Duk sandarewa, da sauri yake fizge kwamfutar daga cinyar Yaya don ya kashe ya kunna. Ita kuma ta riƙe gefen, tana cewa ya bar mata, magana suke. Ya lallashe ta, ya ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya. Na ga wannan da idona ba sau ɗaya ba, kuma ni ma na ɗauka ciwon nata ne ke sa ta faɗin haka.

Ya sayi sabon littafi mai bango baƙi, ya ja layuka da rula. Rana, lokacin farawa, lokacin sandarewa, ɗaki, zafi ko sanyi, abin da aka canza, sannan layin ƙarshe da ya rubuta wa "abin da ta ce", domin likita ya ce a riƙa lura da maganganunta. Na ce masa ya kai wa masu abin, ya bar wahalar da kansa, wannan ba rediyo ba ce. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce duk abin da ke kama magana a iska rediyo ne, ko da an sa masa allo.

Kuma ban ce bai yi aiki ba. Ya kashe waifai ya bar kwamfutar a kunne wuni guda a kan benci, ba ta sandare ba. Ya kashe waifai ya kai ta ɗaki, nan ma lafiya lau. Ya rubuta cewa ciwon yana tare da waifai, ya ja layi biyu a ƙarƙashi. Sai ya kunna waifai ya bar ta a kan benci tana nuna bidiyo tun safe har yamma, ko gezau. To ke nan waifai ne, amma a ɗakin Yaya kaɗai. Daga nan ya ɗora wa ɗakin karan tsana. Ya ce bango ne ya yi kauri, ya huda shi ya matso da rauta bakin ƙofa. Ta sandare. Ya ce gadon ƙarfe ne ke shanye sigina, muka sha wahala ni da shi muka sauke katifa ƙasa, bayana bai yafe masa ba har yau. Ta sandare. Ya ce bargo ne ke toshe mata iska tana zafi, ya ɗora ta a kan faranti. Ya kashe fanka, ya kashe firiji, kowanne da ranarsa, kowanne da layinsa a littafi.

Wata rana ya gano cewa kwamfutar tana ganin waifai goma sha ɗaya na maƙwabta ban da nasu. Ya ce shi ke nan, tashoshi ne ke hawa kan juna. Dattijon da bai taɓa roƙon kowa allura ba ya bi gida-gida a layin yana sallama, yana roƙon a kashe rauta na rabin awa ranar Alhamis. Mutane sun san Yaya, gida takwas suka kashe. Ta sandare a minti na huɗu.

Sai da aka kai nan ya yarda ya je wurin mai gyara. Akwai wani a kasuwar kayan lantarki da ake ce wa Mai Gilashi, magidanci mai sanyin hali, shagonsa cike da gawarwakin kwamfutoci har rufi. Ya jona ta a wutarsa, ya haɗa da waifai ɗinsa, ya bar ta kwana biyu tana aiki, ya mayar da ita ya ce lafiyarta ƙalau. Zuwa na biyu ya sabunta manhajar da ke tafiyar da na'urar waifai ɗin. Zuwa na uku ya goge komai ya sake zubawa. Duk a shagonsa ba ta taɓa ko tari ba. Na lura ya fara yi wa Injiniya irin kallon da ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa, Injiniya ma ya lura, ya dawo gida bai ci abinci ba.

Sati bakwai aka yi a haka. Ina ƙirga su ne domin a cikinsu Yaya ta manta hanyar banɗaki, ta manta yadda ake ɗaura ɗankwali, ta daina gama jimla in ta fara. Auta tana kiran ubanta a waya bayan kowace sandarewa, ba ta faɗa, sai dai ta ce, Baba, lokaci yana tafiya. Ya san yana tafiya. Ya rame, wandonsa sau biyu ina rage masa ƙugu. Ni kuma haushi ya ishe ni, na shi da na kwamfutar da na ciwon, har na ce masa wata rana in da ya bar littafin nan ya zauna kusa da matarsa da ya fi. Ya ci gaba da rubutu a littafinsa. Na yi nadamar maganar tun kafin in kai ƙofa.

Ranar wata Lahadi maganin Yaya ya ƙare, ya tafi kantin magani, layi ya riƙe shi. Ya kira ni ya ce in kunna kwamfutar in kai mata kafin ya iso. Ni dai malalaci ne a irin waɗannan abubuwa, kuma talabijin ba ta taɓa jifa da ni ba. Na ga cajar tana jone a doguwar wayar nan mai soket huɗu, sai na ja su gaba ɗaya, kwamfuta da caja da waya, har kan katifa. Auta ta fito, ta gaida uwarta, ta gaishe ni. Minti biyar, minti goma. Tana ta ba da labarin yaranta, tana nuna rigar aikinta, tana dariya. Yaya kuwa ranar ba ta ce uffan ba, ta juya tana wasa da bakin zani. Na ce a raina yau ba ranarta ba ce.

Ana minti na ashirin da biyar Injiniya ya shigo da ledar magani. Idonsa bai sauka a kan 'yarsa ba, a kan wayar wuta ya sauka, kwance a kan bargo kusa da ƙafar matarsa. Ya taso min kamar zai dake ni, yana tambaya ko kashe ta nake so in yi. Ya miƙa hannu zai zare, sai hannun ya tsaya a iska. Ya dubi agogon allo, yana tafiya. Ya tambaye ni ƙarfe nawa aka fara. Na faɗa masa. Ya zauna a bakin katifa da ledar a cinya har Auta ta yi sallama.

Washegari tun safe ya hau gwaji, a kan bencin, ba a ɗaki ba. Da caja sau goma, ba ta sandare ko sau ɗaya ba. Ba caja sau goma, ta sandare sau tara. Ba bango ba ne, ba gado ba ne, ba maƙwabta ba ne. A littafin nan mai layi bakwai babu layin caja, domin zare waya a wurinsa ba canji ba ne, kamar cire takalmi ne a ƙofar ɗaki. Na same shi da azahar zaune, littafi a buɗe, yana murza tabon yatsansa.

"Sati bakwai," ya ce. "Kuma hannuna ne."

Shekara arba'in ina neman ranar da zan kama Injiniya da kuskure in yi masa dariya. Ga ta ta zo, na rasa bakin yi.

Mai Gilashi da ya ji bayani sai ya dafe goshi. Ya ce in kwamfuta ta koma kan batir, takan riƙa sa na'urar waifai ɗinta barci tsakanin saƙo da saƙo don ta yi tattalin wuta, a wannan tsohuwar kuwa na'urar in ta kwanta wani lokaci ba ta tashi, sai ta ja komai su kwanta tare. Shi kuma duk kwamfutar da ta shigo shagonsa jona ta yake fara yi, shi ya sa bai taɓa gani ba. Ya shiga saiti ya kashe wannan tattalin. Aikin bai kai minti biyu ba. Ya ba Injiniya haƙuri, ya kira shi Baba, ya rako shi har bakin titi.

Talata aka yi rabin awa cur, ba caja, ba sandarewa. Auta ta shirya, ta sa janbaki, ta tara labarai. Yaya ta kalli allon na ɗan lokaci, idonta yana bin hannun Auta da ke ta motsi, sannan ta juya fuska bango. Alhamis ma haka. Ranar Lahadi ta jawo hannun mijinta, ta tambaye shi a hankali, irin tambayar da ake yi don kada baƙo ya ji, wace ce wannan mai surutun, kuma yaushe za ta tafi. Auta ta ji. Ta ce ana kiranta a ɗakin marasa lafiya, ta kashe, alhali saura minti ashirin a hutunta.

Duk muka ɗauka mun makara. Ni haka na ɗauka, yayyen Auta haka, ita ma Auta haka. Injiniya kuwa abin da ya ɗauka ya fi namu nauyi: cewa sauran kwanakin da matarsa ke gane 'yarta, shi ya cinye su da zare waya. Ya daina zama a benci. Ya mayar wa kwamfutar mayafinta. Kwana huɗu ina zuwa ina samunsa a kujera gefen katifa, yana ba Yaya abinci a baki, ba ya magana sai in an tambaye shi.

A rana ta biyar ya aiko a kira ni. Littafin yana buɗe, wannan karon a layin ƙarshe, na abin da ta ce. Ya sa jan biro ya zagaye duk wurin da Yaya ta ambaci Gajeriya cikin sati bakwai ɗin nan. Sau goma sha tara. Ya ce in duba lokacin da ya rubuta a gefen kowanne, in duba lokacin sandarewa. Na duba. Ko ɗaya babu wanda ya zo kafin sandarewa. Duka a bayanta ne, cikin 'yan daƙiƙun nan da yake kokawar karɓe kwamfutar daga hannunta. Fuska mai motsi da magana ta fi ƙarfin kanta, kafin ta kama wannan an wuce wancan. Sai fuskar ta tsaya, ta yi shiru tana kallonta, sannan take samun sararin gane ta. Da take cewa a bar mata, magana suke, gaskiya take faɗa.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, domin ni ma na taɓa riƙe mata hannu yana cirewa.

Aka gwada abin da kowa zai fara gwadawa. Aka ba ta hoton Auta babba a firam, ta duba ta ce hoto ne, a rataye shi. Ashe sai fuskar ta fara zuwa da rai, ta yi gaisuwa, sannan ta tsaya. Aka ce Auta ta gaishe ta ta yi shiru kada ta motsa. Ta yi ƙoƙari, Allah ya sani, amma mutum ba ya hana idonsa ƙyaftawa, kuma ba a yi minti ɗaya ba hawaye suka zubo mata. Yaya ta ce a ba matar nan haƙuri, wa ya mutu mata. Aka gwada kashe rauta ana cikin kira, sai allon ya dushe ya fito da rubutu da wani abu mai juyawa, fuskar ta ɓace. Sandarewar nan kaɗai ke barin fuska tsaf, da haskenta, ba abin da ya rufe ta.

Na raka shi kasuwa. Ya ajiye kwamfutar a gaban Mai Gilashi ya ce ya mayar mata da ciwonta. Mutumin ya yi dariya, ya ga ba a taya shi ba, ya daina. Da ya ji dalili sai ya cire gilashin ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Ya ce shekararsa goma sha shida yana gyara, ba a taɓa kawo masa aikin ɓatawa ba. Ya ce a ba shi kwanaki, wataƙila ya samo wata dabara da za ta tsai da hoto ta bar sauti. Injiniya ya ce ya nema, in ya samu ya aiko, amma shi ba shi da kwanaki, ciwon da ya sani ya fi masa. Mai Gilashi ya shiga saiti ya mayar da tattalin.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne mai wuyar. In kwamfuta ta sandare, Auta ba ta ji, ba ta gani. Uwarta za ta yi mata magana, ita kuma tana can tana kallon baƙin allo. Injiniya ya kira ta ya shimfiɗa mata komai yadda yake shimfiɗa wa mai rediyo, da lokuta da adadi. Ya ce kafin a fara zai kira ta a waya, ya sa wayar a aljihun gaban rigarsa, ya zauna dab da uwarta. Za ta ji komai. Amma da zarar kwamfutar ta sandare, in ta yi magana ko kalma ɗaya, muryar za ta fito daga aljihu, Yaya za ta ce a kashe rediyo, shi ke nan an rasa. Auta ta saurare shi har ƙarshe. Daga baya ta ce to.

Talata bayan la'asar ina tsaye a bakin ƙofa. Ya kira wayar, ya ji ta ɗauka, ya sa a aljihu. Ya kunna kwamfutar, ya zare caja, ya kai cinyar Yaya. Auta ta fito ba janbaki, ta gaida uwarta a hankali, ta ci gaba da 'yan maganganu tana jira. Yaya tana kallon bango. Minti uku, huɗu, shida. Ranar da ake so ta sandare sai ta yi taurin kai. A na bakwai ta tsaya. Fuskar ta ƙame da ɗan murmushin da bai gama fitowa ba, kai a ɗan karkace. Injiniya ya haɗa hannayensa biyu ya matse su tsakanin gwiwoyi.

Yaya ta juyo. Ta daɗe tana kallo. Ta kai yatsa ta shafa kumatun da ke kan allon.

"Gajeriya," ta ce. "Kin rame. Ba kya cin abinci ne?"

Ta yi magana fiye da yadda na ji ta yi a wata biyu. Rabi ba ya haɗuwa, rabi kuwa sarai. Ta ce mata ta riƙa rufe ƙirji in ana sanyi. Ta kai mata ƙarar ubanta, wai ya sauke mata gado ƙasa ba dalili. Ta tambaye ta ko har yanzu tana tsoron kaji. Tana yi tana dakatawa, kamar tana sauraron amsa, ta gyaɗa kai ta ci gaba. Can ta sunkuyo kusa da allon, ta rage murya, ta ce, "Yaushe za ki zo? Ina ta ajiye miki abu, na manta ko mene ne." Ta sake tambaya. Ta tambaya sau uku.

Ina kallon aljihun Injiniya. Ko numfashi bai fito daga cikinsa ba.

Da ta gaji ta jingina, barci ya ɗauke ta da hannu a kan madannai. Ya zare kwamfutar a hankali, muka fito baranda. Ya ciro wayar, kiran yana nan, minti arba'in da ɗaya, hutun Auta ya wuce tuni. Ya kara a kunne ya kira ta. Ina kusa, ina jin yadda take ta ƙoƙarin daidaita murya.

"Baba," ta ce, "Alhamis ma ka zare."